Jarkunan Ɗanjuma a Kogin Kwara

Kende zuwa Lolo

Ana idar da sallar asuba muka bar Kende a kan mashin, ni da taubashina Ɗanjuma. Manja za mu saro a tsallaken iyaka, ni na shagona, shi kuma ya sayar da tumakin matarsa zai fara kasuwanci. A Bagudo muka sha koko da ƙosai, muka shiga wata mota da ake ɗaure ƙofarta da igiya. Duk shingen da muka tsaya sai Ɗanjuma ya gaida jami'ai da Faransanci, alhali ko ƙasarmu ba mu bari ba.

Kasuwar tsallake

Daga Lolo jirgin ruwa ya kai mu ƙasar Benin da hantsi. Na nufi wajen dattijuwar da na saba saye gare ta. Ɗanjuma ya ɓace, can bayan azahar ya dawo da jarka shida, ya same su a rabin kuɗi wajen wani mai baƙin tabarau a bayan rumfuna.

"Ka duba cikinsu?" na ce.

"Na sa yatsa na lasa. Ɗaga ka ji nauyi! Naka ruwa-ruwa na, wanga shi am manja."

Na ɗaga. Ta kusa cire mini kafaɗa.

Kan ruwa

Da la'asar muka juyo, an jera jarkuna a gefen jirgi. Mun kusa Lolo wani babban jirgi ya gifta da gudu, igiyar ruwa ta karkata namu. Mata suka yi salati, kaya suka zube cikin kogi. Allah ya tsare, ba wanda ya faɗa.

Jarkunana suka taso suna lilo a kan ruwa, mai jirgi yana janyo su da gora. Na Ɗanjuma huɗu suka faɗa, ko ɗaya ba ta leƙo ba.

"Ku dakata, suna tahowa," in ji shi.

Wata mai sayar da kifi ta ce, "Malam, kana zuba mai cikin miya ka gane shi ƙasan tukunya? Mai bisa ruwa yaka zama. Abin da ya nutse, ba mai ba na."

A gaɓa muka tuntsure ɗaya cikin biyun da suka rage. Manjan bai kai kwano biyu ba, sauran laka ce da yashi. Ɗanjuma ya tsuguna yana murza yashin da yatsu.

"Ko ka mai da shi kogi?" na ce. "Can aka ɗebo shi."

Gida

Mun iso Kende bayan magariba. Matarsa Hajara tana ƙofar gida ta wanke manyan kwalabe ta jera. Ɗanjuma ya riƙe rigata, ya ce in shiga in yi mata bayani, tunda na fi shi iya magana. Na gode wa Allah da ya dawo da mu lafiya, na zare rigata, na yi gida.