Tabon Sallah a Kan Hanci

Mahaifina da goshi yake auna mutane. Shi ke jan sallah a ƙaramin masallacin 'yan goro na layinmu a Zongon Lome, kuma yana da tabon sallah baƙi ƙirin wanda yake ji da shi fiye da mu 'ya'yansa. In saurayi ya gaishe shi, sai ya dubi goshinsa ya ce, "Kai kam sumul, kamar jiya aka haife ka." Wanda ya fi shan wannan ba'a ɗan maƙwabcinmu ne, yaron da ya yi lakwal, wato boko, kuma ya sauke Alƙur'ani. Ko mura ta shaƙe Baba, ba ya barin yaron ya wuce gaba ya ja sallah.

Zamanin jam'iyya ɗaya ne. In shugaban ƙasa zai dawo daga tafiya, rufe kasuwa ake yi a kwashi mutane su je tafi a bakin titi. Motar da aka loda su Baba ta kife wajen unguwar Bè, ƙarfe ya share masa hanci, saura ramuka biyu. Ba wanda ya isa ya ambaci inda za su, a unguwa cewa ake yi faɗuwa ya yi.

Ni ce mai Faransanci a gidanmu, don haka ni na tsaya tsakaninsa da likita. Likitan ya ce zai yanko fatar goshi, amma ba zai cire ta gaba ɗaya ba. Zai bar gindinta a maƙale kusa da gira don jini ya riƙa shiga, ya juyo da ita ƙasa ya ɗinka hanci, kamar yadda ake karkato reshen kabewa ba a tsinke shi ba. In ta kama, sai a raba. Ya ɗauki biro ya zana, tabon nan na tsakiyar zanen.

Baba ya ce, "Faɗa masa ya ɗiba a cinya."

Likita ya ce ta cinya ba ta da jijiyar da za ta ciyar da ita a can, mutuwa za ta yi. Ya ƙara da cewa tabon zai dushe da kansa in an yi haƙuri. Na faɗa wa Baba, amma haƙuri ba kayan gidanmu ba ne.

Makonni ya yi a ɗaki da tsokar nan a rataye daga gira zuwa hanci, ba ya iya sujada sai nuni. Ɗan maƙwabcin ya karɓi sallah, wai na riƙon ƙwarya. 'Yan dubiya kuwa suka cika mana gida, mu dafa shayi su sha su ƙare masa kallo. Har yau in na tuna raina ɓaci yake. Su ne suka gano cewa in ƙuda ya sauka a sabon hancin, goshinsa Baba yake kai wa hannu, don fatar ba ta san ta yi ƙaura ba. Wani tsohon abokinsa, wanda suka shekara da shekaru suna cin tuwo a kwano ɗaya, ya sa tsinken tsintsiya ya taɓa hancin don mutane su gani. Baba ya sosa goshi, ɗaki ya ɗauki dariya.

Da aka raba tsokar, hanci ya zauna daram, ya ma fi na da tsayi. Goshi ya haɗe da siririn ɗinki, sumul. Tabon kuwa ga shi a kan tsinin hanci. Baba ya sa babbar riga ya tafi azahar, na leƙa ta katanga. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Yaron nan ya tare shi a ƙofa, cikin ladabi har da rusunawa.

"Bon, Baba, ka huta mana. Jama'a sun ce in kana gaba dariya tana ɓata musu sallah."

Abokin nan mai tsinke ya ce, "Malam, shaidar da Allah ya sauke daga goshi, mu su wa da za mu mayar? Ga ka sumul, kamar jiya aka haife ka."

Ya dawo bai yi sallar ba. Ya ce, "Ke, ina dutsen goge ƙafar uwarki?" Na ce likita ya hana a taɓa wurin. Ya daka min tsawa, ya ɗauko da kansa ya shiga banɗaki. Tunda aka raba tsokar wurin ba ya jin zafi, ba abin da zai tsayar da shi. Kullum sai ya goge tabon, muna roƙo yana zaginmu, har wurin ya zama gyambo, ya yi ruwa, tsinin ya mutu ya zube. Likita ya duba ya ce goshin ba shi da sauran fatar da za a ɗiba.

Da ƙyalle a fuska ya ƙarasa rayuwarsa, yana sallah a ɗaki. Daga nan ne mutanen layinmu suka soma cewa Allah sarki. Ranar jana'izarsa yaron nan ne ya wuce gaba, lokacin har ya zama dattijo, da tabonsa baƙi ƙirin a goshi.