Kolon Bappa

Bappana likitan dabbobi ne. Ya yi karatu shekara shida a Sabiya, tun tana cikin Yugoslabiya, ya dawo Gombe da takardar shaida da surutu. Tun muna yara ya ishe mu da labarin wata rawarsu, kolo. Wai sunan daga tsohuwar kalmarsu ta tayar amalanke ya fito, don mutane ke riƙe hannun juna su yi zobe suna juyawa. Kafaɗa ba ta motsi, ƙafa ke aiki. Kuma, in ji shi, shi ke jan gaba da hankici a hannu, Turawa na binsa.

Ni fa na ƙoshi. Ranar walimar ritayarsa a gidansa na GRA, bayan la'asar, na nemo kiɗan a waya na jona da lasifika. Na ce, "Bappa, yau dai a nuna mana." Mugunta ce, ba zan ɓoye ba. So nake a gane a gaban abokan aikinsa ko ya iya ko cika baki ne.

Ya miƙe ya ce a yi zobe. Nan shirme ya fara. Mijin babbar 'yarsa ya ga hannun surukinsa zai kama, ya sunkuyar da kai ya sulale bayan mota. Goggo ta ce ita Allah ya kiyaye, ta ja mata gefe. Maza suka riƙe bakin rigar juna da yatsa biyu kamar an ba su mataccen ɓera. Wani alhaji daga unguwar Shamaki kuwa kafaɗar da aka hana ita kaɗai yake kaɗawa.

Kiɗa ya ɗau zafi. Bappa ya ɗaga ƙafa, ya ajiye, ya tsaya cak. Ni na fara fashewa da dariya, har da tafi.

Da baƙi suka watse ya kira ni. Na zaci faɗa zan sha.

Ya ce, "'Yar nan, ban taɓa shiga ba. Shekara shida ina jikin bango ina kallo. Sai wata ta miƙo min hannu, kunya ta riƙe ni. Ina so kuwa, wallahi ina so."

Na rasa inda zan sa kaina. Ya miƙo wayarsa, ya ce in saka masa kiɗan, in nuna masa inda ake dannawa.