Na Shiga Gidan Makokinki da Rawa, Malama Dokas

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris na shekarar 2025, Ubangiji ya kira baiwarsa Malama Dokas Ishaya gida. Da hantsi ta faɗi a tsakar gidanta a Hammadu Kafi tana shanya wanki. Maƙwabcinta Abdulhamid mai keke, da azumi a bakinsa, shi ya ɗauke ta a guje zuwa asibiti, amma kafin su isa rai ya yi halinsa. Ni ban ji ba sai washegari, kuma yadda na ji shi ne abin da ya hana ni sukuni har yau.

Malama, ke zan faɗa wa, domin ke kika saba jin damuwata. Tun ranar bakina ya kasa addu'a. Ga shi Lahadi mai zuwa Fasto ya sa ranar miƙa jikata ga Ubangiji, ana jira in tsaya gaban ikilisiya in yi godiya a madadin gidanmu. Ban san da wace zuciya zan tsaya ba.

Kin san shekara tara ɗana Jesse da matarsa Millicent suna neman haihuwa. A ranar da kika tafi muna asibiti, Millicent tana naƙuda mai tsanani, wayata ta mutu, ban ma kula ba. Da gari ya waye ranar Laraba aka fito mana da 'ya mace, lafiyayya, kukanta ya cika ɗakin. Na yi dariya har hawaye. Na ce ba wanda zai riga Malama ji, kuma ba ta waya za ta ji ba, daga bakina za ta ji. Na hau keke ko wanka ban yi ba.

Tun daga bakin layinku na jiyo kiɗan tulu yana tashi, matan zumunta na coci suna waƙa. Na ga rumfa, na ga kujeru. Na tuna bikin autarki Jumma ya kusa, sai na ce a raina, ai mata ne suke gwajin waƙar biki, lallai na zo a sa'a. Mu Kirista da waƙar yabo muke aure, da waƙar yabo muke makoki, kuma mai murna ba ya duban idon mutane. Na cire hula na ɗaga sama, na shiga tsakiyarsu ina takawa, tsoho da ni, ina cewa, "Ina Malama? Ku ce ta fito! Allah ya amsa, na yi sabuwar amarya!" Tulu ya tsaya. Jumma ce ta taso ta riƙe mini hannu, ta ce, "Baba, zauna tukuna." Da na dubi fuskarta ban buƙaci ta ƙarasa ba.

Wanda bai san ki ba zai ce malamar ajin yamma ce kawai ta rasu. Ni magini ne, na haura hamsin ban san ko harafi ɗaya ba. A coci nakan riƙe Littafi Mai Tsarki a buɗe don kada a gane, har wata rana wani ya juya mini shi, ashe a birkice na riƙe. Kin gani, ba ki ce uffan ba. Bayan sujada kika same ni a gindin dogon yaro kika ce, "Baban Jesse, akwai benci guda da ya karye a ajina, ko za ka duba mana gobe da yamma?" Na zo na gyara benci, kika ce to tun da na gyara sai in zauna a kai in ji ko ya yi ƙarfi. Haka na zama ɗalibi.

Hannuna ya saba da cebur, fensir sai karyewa yake. Da na ji kunya na daina zuwa, kika bi ni har Tumfure inda muke gini, rana tana dukan ki. Kika tsinci ƙusa, kika rubuta sunana a ɗanyen siminti, kika ce, "Kai da kake jera bulo har ya zama gida, harafi ne zai gagare ka? Ɗora ɗaya kan ɗaya." Mai gidan ya yi faɗa, na shafe wurin, amma na koma aji.

Ba karatu kaɗai kika koya mana ba. Kin ce bin Yesu ba a baki yake ba. Da matata ta kwanta ciwon ajali, ke kike zuwa ki yi mata wanka, ki dama mata kunun gyaɗa, ki wanke abin da 'yan uwanta na jini suke kau da kai a kansa. Da dangi suka matsa a kai Millicent wurin mai magani a ƙauye, suna gaya mata maganganu masu zafi, ke kika zaunar da ni kika ce, "Yarinyar nan 'yarka ce, ko ta haifa ko ba ta haifa ba. Ka tsaya mata." Duk Alhamis kina zuwa ku durƙusa tare da ita kuna addu'a. In na ce na gaji da jira, sai ki yi dariya ki ce, "Kai da siminti ma kake ba shi lokaci ya kama, Allah ne ba za ka jira ba?"

To mun jira, Malama. Ya bayar. Amma me ya sa ya bayar da hannun dama ya karɓa da na hagu? Yini guda kacal ya rage ki ji. Na san ba a tuhumar Allah, ke kika koya mini. Amma na karanta da idona yadda Marta ta tare Ubangiji a hanya ta ce masa da yana nan da ɗan'uwanta bai mutu ba, kuma bai tsawata mata ba. Nan nake tsaye. Na san abin da ya biyo baya a labarin, na san alkawarin tashin matattu, zan iya karanta shi ba gargada. Sai dai ina karantawa kamar mai lasar abinci da zazzaɓi a jikinsa. Ranar Asabar da muka kai ki Kaltungo, kowa yana waƙar sai mun sadu, ni ƙarar ƙasa a kan akwati kaɗai nake ji.

In na ɗauki jaririyar nan, murna takan taso mini har wuya, sai kunya ta danne ta. Jiya Millicent ta ga haka ta ce, "Baba, in ba za ka iya ba, a ɗaga ranar." Sai na ce mata kada a ɗaga. Ban ce haka don zuciyata ta warke ba, ba ta warke ba. Almajirin Yesu yakan bi ko hanya ta yi masa duhu, ni ma zan bi a haka. Zan tsaya, zan ce na gode, ko da muryata ta ƙi fita. Kuma a matsayina na kaka na raɗa mata suna Dokas. Bakina ba zai iya kiran sunan gatsau ba, Malama za mu riƙa ce mata.

Baba Ishaya, abokin zamanta na shekaru masu yawa, ba ni da kalmar da za ta kai ciwonka. Ubangiji ya riƙe ka. Jumma da yayyenki, Allah ya zama muku uwa, ya sa bikin da ta shirya ya yi albarka. Matan zumunta, ku gafarta wa tsohon da ya shigo muku da rawa. Abdulhamid, Allah ya saka maka da alheri.

Ya Yesu Almasihu, ka ji ƙan baiwarka Dokas, ka ba ta hutawa a wurinka. Ni kuma begena ya yi ƙasa ƙwarai. Ka riƙe mini shi har Lahadi. Amin.

Habila magini, Tumfure, Gombe