Tasalla Mai Halawa da Man da Ba Shi da Suna

A Gurbin Bore aka haifi Tasalla, cikin ƙasar Zurmi, a gidan manoman gero da dawa, amma aure ya kawo ta Kaura Namoda tun da ƙuruciyarta. Mijinta Hammadu direba ne, yana jigilar 'yan kasuwa tsakanin Kaura da Shinkafi, ya kama musu ɗaki a bayan tashar jirgin ƙasa. A nan ta yi maƙwabtaka da wata 'yar Barno, matar wani ma'aikacin reluwe, wadda ta iya gyaran amare. Tasalla ta fara da hura mata wuta da riƙe tukunya, ba da niyyar koyo ba, zaman ɗaki ne ya ishe ta. Kafin a yi wa mijin matar canjin wurin aiki, Tasalla ta iya dafa halawa, wato sukari da lemun tsami da ake dafawa har su yi danƙo, a manna a fata a fizge, gashi ya fito da saiwarsa. Ta iya haɗa dilkar goge jiki, ta kuma san yawan kurkum da zai sa fata sheƙi ba tare da ya mayar da mutum rawaya ba.

Da Hammadu ya rasu a hatsarin mota wajen Jangeru, ya bar ta da 'ya'ya huɗu, wannan sana'ar ce ta riƙe gidan. Ba ta sake aure ba. Fiye da shekara ashirin, da wuya a yi bikin da ake ji da shi a Kaura ba a kai amarya ɗakin Tasalla ba. Har daga Shinkafi da Zurmi ake aiko mota a ɗauke ta ta yi mako guda a gidan biki. Mace ce mai faɗa da saurin fushi, ba ta da sakin fuska, amma hannunta yana da sanyi. Abin da take tinƙaho da shi shi ne duk abin da ta shafa wa ɗiyar mutane tana iya lissafa shi ɗaya bayan ɗaya, man kaɗe ne, ko sabulun salo, ko garin lalle, kuma tana iya lasar mafi yawansu a gaban uwar amarya.

Sai zamani ya juya. Amare suka fara zuwa da hotuna a waya, suna son su yi fari cikin kwana bakwai. 'Yan mata masu sababbin shaguna suka cika gari, suna cakuɗa mayuka kala-kala a roba suna kira shi haɗi. Tasalla ta ga abin da haɗin yake yi bayan wata shida: gaɓoɓin yatsu baƙi ƙirin, jijiyoyi kore a kumatu, fuska ta ƙi jure rana. Ta ce ita ba ta yi. Aka ce ta tsufa. Ɗakinta da a da sai an yi layi ya koma sai mutum biyu ko uku a mako, yawanci matan da gashi ya dame su, don har lokacin babu wanda ya kama ƙafarta a halawa.

Cikin masu zuwan akwai Ummusalma, ɗiyar Hadiza, maƙwabciyarta ta katanga ɗaya. Tasalla da Hadiza sun haura shekara ashirin suna aron gishiri da turmi a tsakaninsu, kuma Tasalla ce ta yi wa Ummusalma wankan farko ranar da aka haife ta. Yarinyar tana da shekara goma sha bakwai gashi ya fara fito mata a haɓa da gefen kumatu, ba mai laushi irin na kowace mace ba, mai kauri da tsini. Ta daina zuwa Islamiyya. Ta riƙa satar rezar babanta tana askewa a bayi, har wurin ya cika da ƙuraje da baƙin tabo. Sai da uwarta ta kama ta sannan aka kawo ta wurin Tasalla.

Duk bayan mako uku Tasalla takan cire mata shi da halawa, ta shafe wurin da man kaɗe. Yana fita tas, amma yana dawowa, wani ma ya lanƙwashe a ƙarƙashin fata ya zama ƙurji mai zafi. Haka suka yi shekara uku. Ummusalma ba ta taɓa yin kuka a hannunta ba, sai dai ta damƙe gefen tabarma ta runtse ido.

Da aka sa ranar aurenta da Armiya'u, wani mai fataucin dabbobi a Shinkafi, yarinyar ta shiga farin ciki da fargaba lokaci guda. Tana son sa, shi ma yana son ta, amma bai taɓa ganin ta ba sai da hijabi an ja shi har ƙasan leɓe. Idan ta tare a Shinkafi wa zai riƙa cire mata? Me ƙannensa mata za su ce ranar da suka gani?

Hadiza ce ta jiwo labarin wani mai a rumfar Muhtari, mai sayar da kayan kwalliya a kasuwar Kaura, wanda aka ce yana kashe gashi har saiwa, shafa ɗaya ba ya sake fitowa. Ta zo wa Tasalla da maganar, Tasalla ta ce ba ta shafa abin da ba ta sani ba. Hadiza ta sake zuwa, ta sake samun amsa iri ɗaya. A zuwa na uku ta taho da Ummusalma, kuma a ranar ne Tasalla ta fara ganin hawayen yarinyar.

"Inna, ki taimake ni," in ji Ummusalma. "Ba ni son in shiga gidan miji da gemu."

Hadiza ta ƙara da cewa in Tasalla ta ƙi, gobe za ta kai ta shagon 'yan matan nan su shafa mata. Wannan maganar ce ta karya Tasalla. Ta ce a ranta in dai sai an shafa, gara a hannunta da hannun waɗanda ba su san fata ba.

Ta tafi kasuwa da kanta. Muhtari ya jawo wani bokiti daga ƙarƙashin tebur, ya ɗibar mata farin mai a 'yar roba mara rubutu. Yana wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai da aka zuba wa turare. Ta tambaye shi abin da ke ciki, ya yi dariya ya ce sirrin kamfani ne, shi ma a jarka ake kawo masa. Ya ce a fara cire gashin da halawa don ƙofofin fata su buɗe, sannan a shafa a bar shi sai ya yi zafi, zafin shi ne alamar ya kai saiwa.

Tasalla ba ta yarda da shi kai tsaye ba. Da ta koma gida ta shafa a damtsenta, ta jira, ta goge. Gashin ya bi tsumma, fatar ba ta ko yi ja ba. Abin da bai zo mata a rai ba shi ne hannun mace mai shekara hamsin da biyar, wanda ya sha murhu da rana, ba ɗaya yake da fuskar budurwar da aka fizge wa gashi a safiyar ba.

Saura kwana goma biki, da hantsi, ta zaunar da Ummusalma a kan tabarma, Hadiza na gefe. Ta yi mata halawa kamar kullum, sannan ta shafa man daga haɓa har kusa da kunnuwa. Ba a jima ba yarinyar ta ce yana cizon ta. Hadiza ta ce ta daure, haka mai shi ya ce. Tasalla ta kai hannu ga tsumma, ta fasa. Ta ƙara ɗan jira. Wannan ɗan jiran ne ta kasa mantawa har yau, don ta ga yatsun ƙafar yarinyar suna murɗewa, ta san wannan ba irin zafin da aka saba ba ne, amma ta jira. Da ta goge, fata ta biyo tsumman.

Suka kwarara mata ruwan randa, suka sa ta a keke-napep sai asibiti. Ma'aikaciyar jinyar da ta karɓe su ta wanke wurin tsawon lokaci, sannan ta juyo ta tambaya wa ya shafa. Tasalla ta ce ita ce.

"Mama, mene ne a cikinsa? Sai mun sani za mu san abin da za mu yi."

Tasalla ta miƙa robar. Matar ta juya ta gaba da baya tana neman rubutu, ba ta samu ba, ta ajiye mata ita a kan tebur. Daga baya, tana naɗe fuskar da bandeji, ta faɗa musu cewa irin wannan gashin sau da yawa daga cikin jiki yake tasowa, likita ya kamata ya duba ta a yi gwajin jini, shafe-shafe ba ya tsayar da shi. Shekara uku Tasalla tana fama da haɓar yarinyar nan, ba ta taɓa jin haka ba sai ranar.

An ɗaga bikin wata uku. Ciwon ya warke ya bar tabo mai sheƙi da tattara daga haɓa zuwa kumatun hagu, wani wurin fari, wani wurin baƙi. Armiya'u bai janye ba, ya zo ya gan ta a haka ya ce ya ji ya gani. Amma kafin ranar tarewa gashin ya dawo, ya fito a gefen tabon da tsakaninsa, inda reza ba ta bi, halawa kuma sai da dabara.

Hadiza ba ta sake taka gidan Tasalla ba. A gidajen suna da na biki ta riƙa faɗin cewa Tasalla ta yi gwajin sabon mai a fuskar ɗiyarta don ta dawo da kasuwarta da ta mutu. Ba ta taɓa ambaton zuwa ukun da ta yi ba. Ranar da Tasalla ta tare ta a bakin famfo ta ce su ji tsoron Allah su biyun, Hadiza ta dube ta ta ce, "Ni na ce ki shafa, amma ke ce mai sana'a. Don mi kinka ji maganata?" Ita ma Tasalla tambayar da take yi wa kanta ke nan.

Ta koma wurin Muhtari da robar. Ya saurare ta yana auna wa wata mata hoda, ya ce mutane da yawa sun saya ba wanda ya dawo, ita ce ba ta iya shafawa ba. Ta ɗaga murya, mutane suka taru, maƙwabtan rumfarsa suka ba ta haƙuri suka raka ta bakin hanya kamar mai taɓin hankali. Bokitin yana nan ƙarƙashin teburinsa. Ta bi gidaje tana gargaɗin mata, wasu suka ji, da yawa suka ce baƙin ciki ne na wadda ta ƙona amarya aka daina zuwa wurinta. Kuma an daina ɗin. Ta kife tukunyar halawa, ta koma suyar ƙuli-ƙuli tana ba masu shago sari.

Bayan shekara biyu, wani direban Shinkafi ya yi sallama a ƙofarta da saƙo, wai matar Armiya'u na son ganin ta, ta taho da sukari da lemun tsami. Tasalla ta kwana biyu tana juya maganar. Hanyar ba ta da lafiya a shekarun nan, mota ba ta tashi sai rana ta ɗaga an ji labarin waɗanda suka riga wucewa. Ranar Alhamis ta bi motar 'yan kasuwa ta tafi.

Ta sami Ummusalma a ɗaki da goyo a cinya. Bayan gaisuwa Ummusalma ta cire niƙabin da aka ce ko a tsakar gida ba ta rabuwa da shi. Ta ce ta gwada mata uku a Shinkafi, duk sun sa tabon ya tsage ya yi jini. Maganar likita kuma har yanzu ana cewa sai hanya ta yi kyau a kai ta Gusau. Tasalla ta fara neman gafara, Ummusalma ta dakatar da ita.

"Ban yafe ba tukuna, Inna. Kar in yi miki ƙarya. Hannunki kawai na sani."

Tasalla ta ari murhu ta dafa halawar. Ta zauna ta bi gefen tabon a hankali, ɗan wuri bayan ɗan wuri, ta ɗauki fiye da awa biyu a aikin da a da take gamawa kafin shayi ya huce. Da ta gama, aka kawo mata tuwon dawa, ta ci loma uku ta wanke hannu, ta kama motar la'asar.

Tun daga lokacin duk wata takan je, in hanya ta bari. Ba ta karɓar komai, Ummusalma kuma ba ta taɓa tayi ba. Hadiza ta san da zuwan, don wani lokaci a mota ɗaya ake sa saƙonta na kuka da daddawa zuwa ga ɗiyar. Har yanzu in sun haɗu a lungu Tasalla takan yi mata sallama, Hadiza ta amsa wa bango ta wuce.