Hajiya Lantana da Fom ɗin Lafiya

Ban taɓa mantawa da ranar da na kusa tura mutum biyu da rabi ƙarƙashin teku da bakin birona ba. Rabin za ku gane shi a gaba. Ku da kuka fara aiki makon jiya kuna ta tambaya me ya sa muke shigar da baƙo ɗakin ajiya shi kaɗai, mu rufe ƙofa, kafin mu cike masa fom, kamar za a yi masa tambayar kabari. To, ni Intisar ni ce sanadi, kuma gara ku ji daga bakina kafin Kaptin Nahla ta ba ku nata labarin, domin a nata ba ni da kyan gani.

Lokacin ina da shekara goma sha bakwai, hutun makaranta na bara, watana ɗaya da fara aiki a shagon nan na unguwar Ma'adi. Kun dai san tsarin. Kaptin Nahla ce malamar nutso, ita ke da takardar shaidar koyarwa, ita ke cewa a shiga ruwa ko kada a shiga. A ƙasanta akwai jagorori biyu da ke zaune can bakin Bahar Maliya, sai direban bas, sai kyanwar shago, sannan ni. Aikina wanke tabarau na ruwa, shanya rigunan roba, da duba akwatin taimakon gaggawa da tukunyar oksijin kowace safiya. An ɗauke ni ne saboda ina jin Hausar gida da Larabcin titi, ga baƙi 'yan Najeriya sun fara yawa. Kullum sai na taso daga unguwar Faisal a ƙaramar bas ta maikrobas, na hau jirgin ƙasa na metro, na iso kamar kifin gwangwani.

Ga wanda bai sani ba, baƙo ba ya faɗawa teku haka kawai. Ranar Laraba yana cike fom ɗin lafiya, sai a shiga da shi bisin, wato wurin ninkayar da ke bayan shago, ya koyi numfashi da tukunyar iska a bayansa. Alhamis da safe bas ta tashi. Fom ɗin tambayoyi ne wajen ashirin: ciwon zuciya, hawan jini, ciwon kunne, farfaɗiya, asma, mura, juna biyu, har da ranar da mutum zai hau jirgin sama, tunda ba a hawa jirgi sai an kwana an wuni bayan nutso. Duk wanda ya amsa e ko da a guda ɗaya ne, sai likita ya duba shi ya sa hannu.

Wannan Larabar ta mata ce. Da hantsi tasi ta sauke mata biyu daga unguwar Hay el-Sabi'. Ta gaba doguwa ce, da tabarau a ƙarshen hanci, tana tafiya kamar ta zo duba ko mun share aji. Ita ce Hajiya Lantana, tsohuwar shugabar makarantar 'yan mata daga Gusau, ta zo bikin kammala karatun ɗanta. Ta bayan, mai riƙe da jakunkuna duka biyu, Anti Rukayya ce, matar ɗan nata.

Muka gaisa, na durƙusa har gwiwata ta yi ƙara. Hajiya ta dube ni ta saman tabarau.

"Ke 'yar ina ce? Hausarki kamar an jiƙa ta a shayi."

"'Yar Sudan ce ni, Hajiya. Kakannina daga Katsina suka taso."

"Ai na ji. To bari in gaya miki, na ƙare ƙuruciyata ina zana wa yara teku a allo da alli. Kifi, murjani, igiyar ruwa, duk na zana. Ban taɓa ganin ko ɗaya da idona ba. Yarinyar nan ce ta ce sai ta kai ni kafin in koma."

Anti Rukayya ta sunkuyar da kai tana murmushi.

Na zaunar da su a benci ɗaya, kafaɗa da kafaɗa, na ɗauko fom biyu. Nan ne na yi aikin da ya sa har yau kyanwa ta fi ni muƙami.

"Hajiya, ciwon zuciya?"

"Lafiya lau, alhamdu lillahi."

"Hawan jini?"

"Lafiya lau."

"Asma?"

"Ke 'yar nan, na yi miki kama da marar lafiya?"

Na ce a'a wallahi. Da na ga abin yana tafiya sumul, sai na ja layi daga sama har ƙasa a gidan a'a, kamar mai yanka kankana. Na juya ga Anti Rukayya. Ita ma lafiya lau, lafiya lau, idonta na kan takalminta. Da na zo tambayar juna biyu na karanta ta da ƙarfi kamar mai tallan burodi. Ta ce "a'a" da muryar da sauro ma zai ce ta ɗaga. Suka sa hannu. Cikin minti huɗu na gama fom biyu, har ina jin ya kamata a ba ni lambar yabo.

Na kai su ɗakin canja kaya. Anti Rukayya ta shiga bayi, ni kuma na tsaya taimaka wa Hajiya da rigar roba. Wanda bai taɓa sa wa tsohuwar shugabar makaranta rigar roba ba bai san wahala ba. Ina ja, tana ja, tana ce mini ba ni da tarbiyya. Da rigar ta kai ƙirji sai na ji wani sauti yana fita daga cikinta, siriri, kamar ana busa usur a nesa. Ta laluba jakarta da sauri, ta ciro ɗan abin shaƙar nan shuɗi na masu asma, ta juya baya ta zuƙa sau biyu, ta mayar.

Muka haɗa ido.

"Ba ki ga komai ba," in ji ta.

"Hajiya, ai..."

"Ba ki ga komai ba. Hayaƙin garinku ne ya tayar mini da ciwon makon jiya, kuma ya kwanta. Ba zan zauna gaban matar ɗana ina lissafa mata cututtukana ba. Yarinya ta yi ɗawainiya, ba zan watsa mata ƙasa a ido ba. Ja zif ɗin nan."

Na ja zif. Na dubi agogo. Saura minti goma a shiga ruwa. Idan na yi shiru, matar nan za ta shaƙi iskar tukunya a ƙasan bisin yau, gobe kuma a ƙasan teku, da fom mai rubutun hannuna. Idan na tona, na kunyata uwar mutane a gaban surukarta, kuma na tona wa kaina asirin layin kankana. Ni kuwa aikin nan shi ne karo na farko da wani ya ba ni mabuɗin wani abu a duniya.

Na fita da gudu na sami Kaptin Nahla a bakin bisin tana gwada abin zuƙar iska.

"Ya Kaptin, fom ɗin nan ban cike su daidai ba."

"Kamar yaya?"

"Na zaunar da su tare. Kuma na ja layi."

Ta karɓi takardun, ta dubi layin, ta dube ni. Kallon ya ɗauki kamar shekara biyu.

"Wa ya koya miki haka?"

"Ba kowa. Basirata ce."

"Za mu yi maganar basirarki anjima. Akwai abin da kika gani?"

"A bar ni in sake tambayarsu, kowa ita kaɗai. Amma don Allah ki fara nuna musu balan-balan."

Ba ta ƙara tambaya ba. Ta ce, "Yalla, kira su."

Kun ga wasan balan-balan ɗin ai. Kaptin ta sauka can ƙasan bisin, wajen zurfi, ta hura balan-balan da iskar tukunya har ta cika, ta ƙulle bakinta, ta sake ta. Tana tasowa tana kumbura, tana tasowa tana kumbura, kafin ta iso sama ta fashe, fau! Kyanwa ta haye kan teburin shago. Kaptin ta fito tana bayani, ni ina fassarawa: iskar da mutum ya shaƙa a ƙasa matsattsiya ce, idan yana tasowa sai ta buɗe. Mai lafiya yana fitar da ita da numfashi. Wanda ƙirjinsa ya toshe kuwa, iskar ba ta da ƙofar fita. Na ƙara da nawa, na ce huhun mutum sai ya yi fau har a ji a Gusau. Kaptin ba ta jin Hausa, amma ta ce, "Intisar, abin da na faɗa bai kai tsawon haka ba."

Hajiya ba ta yi dariya ba. Tana kallon guntayen robar da ke yawo a kan ruwa.

Na shigar da ita ɗakin ajiya, na rufe ƙofa, muka zauna tsakanin takalman agwagwa na ninkaya. Na ɗauko sabon fom.

"Hajiya, zan sake tambaya. In kika ce lafiya lau, zan je in gaya wa Kaptin abin da na gani, ko da za ki sa ni kamun kunne har la'asar."

Ta cire tabarau ta goge.

"Da kina makarantata da kin yi noman fulawa na wata guda." Ta mayar da tabarau. "Darasin matar nan ya yi kyau. Da na san da balan-balan da na koyar da shi haka. Rubuta e. Amma yarinyar nan kada ta ji."

"Khalas, shi ke nan, Hajiya. Bakina ƙanin ƙafata."

Ta fita, Anti Rukayya ta shigo. Na ɗauka nata minti ɗaya ne. Ƙofa na rufuwa ta riƙo hannuna.

"Ƙanwata, Hajiya na da asma. Ni ke sayo mata abin shaƙar in sa a jakarta, ita tana ganin ɗanta ne. Tun da safe na rasa yadda zan faɗa."

Na ce ma'alish, ba komai, an riga an shawo kan wannan. Muka bi tambayoyi ɗaya bayan ɗaya. Da muka zo ta juna biyu na rage murya, na koyi hankali. Ta rufe fuska da mayafi.

"Wata biyu."

Biro ya faɗi daga hannuna.

"Anti! Mai ciki ba ta nutso ko a bahon wanka!"

"To ya zan yi? A gaban Hajiya kika tambaye ni, kina ihu kamar kwandasta. In ce mata me?"

Kun ga rabin da na ce muku.

Na kai wa Kaptin fom biyu, kowanne da e ɗinsa. Ta karanta, ta zauna a kan tukunyar iska, ta ce wani abu da Larabci wanda ba zan fassara ba. Ranar ba wanda ya shiga ruwa sai Kaptin da balan-balan. Ta tura Hajiya wurin likita da la'asar. Likita ya ce nutso babu shi, tunda ciwon bai daɗe da tashi ba, amma ya yarda ta kwanta a saman ruwa da rigar da ke hana nitsewa, da tabarau, jagora na riƙe da ita, abin shaƙarta na cikin kwalekwale. Ni kuma aka yanke mini hukuncin wanke duk rigunan roba na shago, har da waɗanda ba a taɓa sawa ba, sannan aka ce in bi su tafiyar tunda ni na ɗaura wannan kaya.

Abin da ya fi ba ni wahala a bas shi ne bakina. Ni da ko a barci nake magana, ga ni zaune tsakanin sirri biyu na tsawon awa shida. Hajiya ta dubi taga ta ce, "Ni fa na fasa shiga can ƙasa. Na ga yarinyar nan tsoro take ji, ba zan bar ta ita kaɗai a sama ba." Anti Rukayya ta ce, "Ni ma dama saboda Hajiya na fasa, kada ta rasa mai riƙe mata jaka." Na cusa biskit uku a baki lokaci guda don kada wani abu ya fito.

A teku Hajiya ta kwanta a saman ruwa kamar tabarma, ta sa fuska. Ba ta ɗago ba sai da jagora ya taɓa ta. Ta ɗago tana ihu, "Ke Intisar! Ashe kifin nan shuɗi ne da rawaya! Ni fari nake zana shi!" Na ce ai alli ne, Hajiya. Ta ce in rufe mata baki, ta mayar da fuska.

Da muka juyo, kwalekwale na rawa, fuskar Anti Rukayya ta canja. Hajiya ta buɗe jaka ta ciro lemon tsami da tsamiya a ƙulle cikin leda, ta ajiye mata a cinya ba tare da ta dube ta ba.

"Na jiri ne," in ji ta. "Tun daga gida na taho da su."

Ashe rabin ma ba sirri ba ne a wurinta. Ta juyo ta harare ni ta saman tabarau, na kama kallon sama ina ƙirga tsuntsaye.

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake so ku riƙe. Mutanenmu ba maƙaryata ba ne. Kunya ce ke amsa fom idan akwai wanda ake jin nauyinsa a kan benci, kuma ruwa bai san kunya ba. Don haka ku raba su, ku rufe ƙofa, ku rage murya, ku bi tambaya ɗaya bayan ɗaya. In baƙo ya ce muku lafiya lau, ku amsa da alhamdu lillahi, gaisuwa ce. Sannan ku fara tambayar.