Ranar da Muka Auna Gonar Baba

Ƙamshin masa ne ya cika keken da ya ɗauko mu daga Gwallaga, domin ɗaya daga cikinmu ta rantse ba za ta hau dutse da yunwa ba. Mu biyar ne, duk mun gama jami'a, muna zaman jiran aiki. Mun gaji da ganin 'yan matan wasu garuruwa a waya suna hawan duwatsu, sai muka ce mu ma muna da duwatsu a Bauchi, kuma muna da ƙafafu.

Shugabar tafiyar ƙawata ce, 'yar soja, a barikin Shadawanka ta girma. Ta ce fita babu anko ai zubar da aji ne. Atamfa ba za ta yi a daji ba, don haka ta sayo mana riguna masu ƙyalli irin na ma'aikatan hanya, muka ɗora a kan hijabi. Ita kuma tana da agogon da ke ƙirga taku. Ni littafina na riƙo, wai ko waƙa za ta zo mini.

Hanyar tana bayan ƙauyen Miri, ta ratsa cikin ɗorawa da kaɗanya, ta zaga wani ɗan dutse ta dawo inda ta faro. Damina ta kusa ƙarewa. Na tsaya a bakin wata gonar dawa ina rubuta cewa zangarniya tana sunkuyar da kai don kunyar iska. A bayana ƙawata tana ta shela: "Taku dubu biyu daga titi zuwa nan!"

Wani dattijo ya fito daga cikin dawar da lauje a hannu.

"Sannunku da aiki."

"Ba aiki muke ba, Baba, yawo ne," in ji ƙawata.

"Daga ina zuwa ina?"

"Mu zaga dutsen nan mu dawo nan."

"Ku dawo inda kuka tashi? To me za ku ɗauko?"

"Babu komai."

Ya dubi rigunanmu ɗaya bayan ɗaya. Ya ce bara masu irin wannan riga sun zo gonar maƙwabcinsa, su ma cewa suka yi dubawa kawai suke, bayan wata biyu aka kafa duwatsun siminti. "Wannan gonar ta kakana ce, 'ya'yan nan. Ina da shaidu."

Muka kwashe da dariya. Mai masa ta ce, "Baba, mu da ko aikin yi ba mu da shi!"

Bai yi dariya ba. Ya juyo gare ni. "'Yata, ke me kika rubuta a kan gonata?"

Da na karanta masa layin nan, da magana ta ƙare. Amma ta yaya zan dubi sa'an kakana in ce masa dawarsa tana jin kunyar iska? Sai na rufe littafin na tura shi ƙarƙashin hijabi, na ce, "Ba komai ba ne, Baba."

Ya shiga gonar ya tugo mana gyaɗa, dami guda, ya ce mu gaida manyanmu. Muka yi ta yabon karamcin mutanen karkara.

Hawan bai kai minti ashirin ba. A sama muka ga rufin kwano, da ƙarfen sabis, da wata akuya da ta riga mu isa. Aka buɗe kular masa. Sannan aka shiga hoto, kuma ƙawata ta ce kowa ta miƙa hannu tana nuna nesa, haka ake yi. Sai da na bi yatsana da ido na ga ashe gonar muke nunawa, mu biyar, shi kuma yana tsaye a tsakiyarta yana kallonmu. Na ɗaga masa hannu. Na ɗauka hakan ya isa.

Bayan shekara biyu, wata mai kitso 'yar Miri tana tsefe mini kai ta ba ni labarin kawunta. Wai wasu ma'aikatan gwamnati mata sun zo sun auna gonarsa, har da wata mai rubutu da ta ƙi nuna masa takarda. Kafin sati ya zagayo ya sayar wa dillalin filaye, don kada a karɓe a banza.