Ciwon da Ya Wuce Gwiwa

Jiya maƙwabciyata ta ɗora man kaɗe a kan garwashi za ta shafa wa jaririnta, ƙamshin ya tsallako katanga ya same ni ina tsintar wake. Sai na ajiye faifan. A gidan da na tashi, ba don kwalliya ake narka man kaɗe ba, don ciwon baya ne. Ƙamshin ya mayar da ni ƙauyenmu, arewa da Konni ta wajen Illela, inda ƙasa duk fako ce da duwatsu, kuma da wuya ka ga wanda ya tsufa da bayansa a miƙe.

A gidanmu ni ce mai taka baya. Ban isa ɗaukar tulu ba, ba ni da nauyi, don haka in an dawo gona ko an gama daka, sai a shimfiɗa tabarma a inuwar rumbu, a kwanta rub da ciki, a ce in hau. Na taka bayan innata, na taka na baffannina, na taka na matan maƙwabta. Ladana ƙuli-ƙuli ne, wani lokaci kuma sa albarka kawai, wadda a lokacin nake ganin ba ta cika ciki.

Amma ba na hawa bayan kowa sai kakata ta yarda, wato wadda ta haifi babana. Ba boka ba ce, ba ta da layu, ba ta karɓar ko sisi. Tsohuwa ce dai da ta daɗe tana kallon yadda mutane ke zama da yadda suke tashi. Ba abin da ke ba ta haushi kamar a ce mata "baya ke ciwo" a yi shiru. Takan ce ciwon baya ba uwa ɗaya uba ɗaya ba ne. Sai ta tsare mutum da tambaya kamar jandarma: ina ya fara, ina ya tsaya, da safe ya fi ko da maraice, in ka yi tari yana amsawa?

Nata bayan, da asuba yake ƙagewa, sai rana ta ɗaga ta ɗan yi shara sannan ya sake ta; ta ce wannan na tsufa ne, ba shi da magani sai motsi. Na innata na daka ne da jan guga, yana kwance a ƙugu bai zuwa ko'ina, shi ne wanda ake shafa wa man kaɗe in taka, bayan 'yan kwanaki ya lafa. Akwai wata tsohuwar Bafulatana mai kawo mana nono, in ta yi tafiya kaɗan sai ƙafafunta su yi nauyi su mutu, ta sauke ƙwarya ta zauna ta sunkuya, can ta miƙe garau ta ci gaba. Kakata ta ce nata a ƙashin baya yake ko da yake a ƙafa take jin sa, ta hana ni taɓa ta. Wata amarya kuma aka kawo tana riƙe da kwiɓi, jiki zafi rau, fitsari na yi mata zafi. Kakata ta ture man kaɗen gefe ta ce wannan ba na baya ba ne, na ciki ne, a kai ta likita yau. Aka kai ta, ta warke.

Dokarta biyu ce, har yau ina jin su da muryarta. "Ciwon da yaw wuce gwiwa ba a taka shi. Wanda yat taɓa hitsari ko, ba a kwana da shi gida." Ba ta jin nauyin kowa a kan wannan. Na ga ta tambayi limamin unguwarmu zancen fitsarinsa, yana ta sosa rawani.

Mutum ɗaya ne a duniya ba ta iya yi wa tambaya: babana. Shi ne ɗanta na fari. Kai da ka tashi a birni wataƙila ka ɗauka wasa ne, amma kunyar ɗan fari a wurinmu ba wasa ba ce. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. "Wancan" take ce masa. In ya shigo gaishe ta da safe, sai ta juya fuska wajen bango ta amsa. Ba ta taka ƙofar ɗakinsa, ba ta cin abinci yana kallo. Mata suna yaba mata a kan haka, suna cewa ga mace mai kunya. Ni kuwa da ke kwana ɗakinta na san in ya yi dare a daji ba ta runtsawa.

Shekarar da abin ya faru, babana ya ƙudura sai ya rayar da wani fako da ya gada, wanda ko ciyawa ba ta fitowa. Duk bazara yana haƙa ramukan da muke kira tassa, yana zuba taki, yana jera duwatsu don su tare ruwa. Ana gab da shuka ya sunkuya ya ɗaga wani dutse, ya ce ya ji abu ya yi ƙas a ƙugunsa. Ya dawo gida a karkace. Kowa ya ce ciwon noma ne, wane namiji ne bai taɓa yi ba?

Kakata ta kira ni. "Tahi ki tambayi wancan, ina ciwon yat tsaya."

Na same shi kwance a gefe, ya naɗe ƙafa ɗaya. Ya ce, "Hwaɗa mata da sauƙi."

Haka muka yi ta yi, ni ce 'yar aike tsakanin ɗaki da ɗaki, ina kai tambaya ina dawowa da "da sauƙi". Amma ido ba ya buƙatar ɗan aike. Ta ga yadda yake dafe cinya in ya yi atishawa, ta ga ba ya iya zama a kan turmi, sai tsayuwa ko kwanciya. Ni ya gaya wa, ba don in kai ba, cewa ji yake kamar an zura masa waya mai zafi daga ɗuwawu har babban yatsa. Na kai mata. Ta ce kada in kuskura in hau bayansa, kuma in ce masa ya je likita.

Ruwa ya riga ya sauka. Gero ya tsiro a cikin ramukan nan kore shar, abin da fakon bai taɓa yi ba. Babana ya ce in an gama noman farko zai je. Da aka gama ya ce sai an yi maimai. Baffannina suka kawo wanzami ya kafa masa ƙaho, aka saya masa ƙwayoyi wajen masu tallar magani, ya sha ya koma gona. Ba na ganin laifinsa a nan. Wanda ya bar gona da damina ya san abin da 'ya'yansa za su ci da rani.

Sai takalminsa ya fara zamewa daga ƙafa bai sani ba. Yana tafe yana jan ƙafar, ƙaya ta soke shi sai dai wani ya nuna masa jini. Abin mamaki, a lokacin ya ce zafin ya ragu, mutanen gida har suna hamdala. Kakata ba ta yi hamdala ba. Bayan haka ya daina zuwa masallaci, aka ce saboda ƙafa ne. Innata kuma ta koma shanya tabarmarsa a bayan ɗaki, inda ba a gani.

Wata rana da hantsi kakata ta kira ni, ta riƙe hannuna gam. Ta ce, "Tahi ki tambai shi ko..." Sai ta tsaya. Ta dube ni, yarinya ƙarama, 'yar cikinsa. Yaya za a aiki 'ya ta tambayi ubanta wannan? Ta saki hannuna ta ce, "Bar shi."

Daga baya na san sauran. Babana ya daina jin fitowar fitsari, wurin zamansa duk ya mutu kamar ba jikinsa ba, shi ya sa alwala ba ta tsaya masa. Innata ta sani, amma ya roƙe ta ta rufa masa asiri, kuma ko bai roƙa ba, da wane baki za ta yi wa surukarta zancen ƙasan mijinta? Kowa ya bar kaza cikin gashinta, alhali kakata da ta san amsar tana zaune tsakar gida tana kaɗin auduga.

Gero ya fara fitar da kai ranar da aka kawo shi a amalanken jaki. Ya faɗi a gona, ƙafafu biyun sun ƙi ɗaukarsa. Aka shigar da shi ɗaki. Ina tsaye na ga kakata ta tashi, ba mayafi, ta ratsa tsakar gida ta ɗaga labulen da ba ta taɓa ɗagawa ba. Ta kira sunansa. Ta ce, "Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Hwaɗa mini gaskiya, tun yaushe?" Babana, ƙato mai gemu, ya juya fuska ya fashe da kuka.

A ranar aka nemi mota zuwa Konni, daga can aka tura su Yamai. Lokotoro, wato babban likita, ya ɗauki hoton bayan, ya ce guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan baya ne ya fito ya danne jijiyoyin ƙafa da na mara. Shi ma tambayar da ya yi ke nan, tun yaushe. Da ya ji amsa sai ya girgiza kai. An yi aikin, amma jijiyar da ta daɗe a danne ba ta farfaɗo ba. Ban sani ba ko da an je da wuri zai miƙe. Allah ne masani. Na dai san lokotoro ya ce irin wannan ba a jira da shi.

Fakon ya yi gero a shekarar, baffannina suka girbe. Babana bai sake taka shi ba. Ya yi shekaru a kwance, gyambo ya ci bayansa, har Allah ya karɓi abinsa. Ni kuma daga nan ban sake hawa bayan kowa ba, ba wanda ya sake nema.

Yanzu ina zaune a Konni, gashina ya yi fari. Yara ba sa taka baya, ba kuma tsohuwar da ke tsare mutum da tambaya. Gidan likita ya matso kusa, ga waya, ga hanya, amma kowane ciwo ƙwaya ɗaya ake jefa masa, na nama da na ƙashi da na ƙoda, a kashe zafin a hau babur. Ɗana na fari kabu-kabu yake yi, wato haya da babur. Kwanan baya ya shigo yana dafe ƙugu, na tsare shi a gaban matarsa: ya sauka ƙafa? Ya wuce gwiwa? Kana jin fitsarinka? Matar ta rufe fuska, shi ya ce, "Haba Inna!" Na ce amsa nake jira. Nasa na nama ne, ya huta ya warke.

Matan unguwa suna cewa ba ni da ta ido, ina kiran ɗan fari da sunansa har a kasuwa. Su yi ta faɗi. Kakata mai kunya ce, duk ƙauye ya shaida, kuma ina sonta har gobe. Amma na gan ta da tsufanta, ita da innata, suna juya ɗanta a kan tabarma kamar jariri, kullum safiya tana durƙushe bayan ɗaki tana wanke abin da ta ji kunyar tambaya.